Jirgin ruwan wasa na icce: ƙaramin aikin hannu mai koya wa yaro hankalin kogi

Mu da muka saba yi muku magana ta akwatin radiyo, yau alƙalami muka ɗauka, saboda abin da muke tafe da shi yana da awo da lissafi, kuma magana ta iska ba ta tsayawa mutum ya sake dubawa.

Wata ranar Lahadi cikin daminar da ta wuce, bayan an ɗauke ruwa da la'asar, muka tarar da yaran unguwarmu a nan Maraɗi sun yi layi a bakin hanyar da ruwa ke bi. Kowane da jirginsa: wani tsohon silifa, wani gwangwanin kifi, wani kuma murfin bidon. Ɗanmu mai shekara tara ya biyo mu gida yana cewa: "Baba, a saya mini na roba irin wanda na gani a kasuwa." Jika biyu ake saida shi, kuma mun taɓa saya masa irinsa, kwana uku ya yi ya tsage. Sai muka tuna da wani kawunmu masassaƙi a Gaya, wanda muke zuwa wurinsa hutun lakwal muna yara, da irin ƙananan kwale-kwalen da yake sa mu sassaƙa da guntayen iccen da suka rage masa. Muka ce wa yaron ya yi haƙuri zuwa Asabar, tare za mu yi nasa da hannunmu.

Abin da muka gani cikin wannan aiki shi ne dalilin rubutun nan. Yaron da ya sassaƙa jirgi da kansa, ya loda masa tsakuwa har ya ga ya kife, ya fahimci wani abu game da ruwa wanda manya da yawa ke shiga kwale-kwale ba su san shi ba.

Sana'ar ta girmi garuruwanmu

Wasu na ɗauka cewa zancen jirgi bai shafi ɗan tudu ba. Amma kogin Isa na ratsa ƙasar Nijar tsawon kilomita wajen 550, daga Ayoru zuwa Gaya, ga tafkin Madarunfa a kudancin Maraɗi, ga na Tabalak a jahar Tawa, ga kogin Komadugu a jahar Difa. A duk waɗannan wurare akwai masunta da masu fito, kuma kwale-kwale ne abincinsu.

Tsohon jirgin da ya fi kowane daɗewa da aka taɓa samu a Afirka ma ba nesa da mu aka tono shi ba. A shekarar 1987 wani makiyayi yana haƙar rijiya a ƙauyen Dufuna, cikin jahar Yobe ta Najeriya, ya ci karo da icce a zurfin mita wajen biyar. Da masana na jami'ar Maiduguri da ta Farankfot a Jamus suka fiddo shi a 1994, sai ga kwale-kwale mai tsawon mita takwas da ƴan kai, an fafe shi daga gungume guda, kuma awon da aka yi ya nuna ya kai shekara wajen 8,000. Wurin yana gefen kogin Komadugu Gana, wanda ruwansa ke haɗuwa da na Komadugun da ya raba iyakarmu da Najeriya.

Ƙananan jirage na kwaikwayo su ma tsofaffi ne. A 1920, kusa da Luksor a ƙasar Masar, an buɗe kabarin wani babban bafade mai suna Meketre, wanda ya rayu shekara wajen 4,000 da suka wuce, aka tarar da ƙananan jirage na icce da matuƙansu da igiyoyinsu. Waɗancan ba don wasan yara aka yi su ba, kayan binne mamaci ne, amma daga gare su masana suka ƙara sanin yadda ake ƙera manyan jiragen kogin Nilu na wancan zamani. Ƙaramin jirgi, in an yi shi daidai, halinsa ɗaya da babba.

Wane icce ya dace

Farkon abin da kawunmu ke koya wa yaro shi ne ya ɗaga icce da hannu ya ji nauyinsa. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Duk iccen da ya fi ruwa sauƙi zai yi iyo, amma akwai bambanci mai yawa tsakaninsu. Busasshen rimi nauyinsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na nauyin ruwa ba, shi ya sa yake tsayawa sama kamar ƙwarya, kuma wuƙa na cin sa ba wahala. Maɗaci ya kai kashi uku cikin huɗu. Yana da ƙwari, yana jure ruwa shekara da shekaru, don haka masu manyan jirage ke son shi, amma ya yi wa hannun yaro tauri. Ƙirya kuwa ta turmi ce da gawayin maƙera, nauyinta ya yi kusa da na ruwan kansa, ba a jirgin wasa da ita.

Ga wanda ke cikin gari, mafi sauƙi shi ne ya je wurin kafinta ya biɗi guntun farin katako, irin wanda ake kawowa daga ƙasashen bakin teku. Yana da sauƙi, ya riga ya bushe, kuma sau da yawa kyauta za a ba ka. A ƙauye, reshen ɗanya ko na dashi ko na gurjiya ya isa. A guji ɗanyen tumfafiya, domin farin ruwanta yana cutar da ido.

Ba a sare icce mai rai saboda jirgin wasa. Dokar gandun daji ta 8 ga watan Yuni 2004 ta kare itatuwa, kuma duk manomi ya san abin da ke tsakanin wanda ya taɓa gawo da ma'aikatan gandun daji. Balle ma babu buƙata. Tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka rungumi barin tohon itatuwa a gonakinsu suna rage masu rassa, aikin da ya maido da itatuwa a fili mai faɗin eka miliyan biyar na awon hekta. Rassan da ake ragewa kowace shekara kafin shuka sun ishi yaran gari duka.

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, kuma ɗanye ya fi daɗin sassaƙa, sai dai yana tsagewa in ya bushe da gaggawa. Dabarar masassaƙa ita ce a raba reshen biyu ta tsawonsa, a bi ta tsakiyar zuciyar iccen, domin daga zuciyar tsaguwa ke farawa. Sai a ajiye ɓarin a inuwa mako biyu ko uku. Kada a shanya shi a rana.

Yadda ake sassaƙawa

Kayan aikin ba su da yawa: zarto, wuƙa mai kaifi, ƙaramin gizago ko ƙarfen fafe icce na kafintoci, guduma, gawayi ko alli na zane, da takarda mai yashi ta goge katako. Wuƙar da ta dakushe ta fi mai kaifi haɗari, domin sai an danna ta da ƙarfi, kuma a nan take zamewa ta sami yatsa.

Mu mun yi amfani da guntu mai tsawon santimita 30, faɗi 8, kauri 5. Wannan awo yana da dalili: in jirgi ya cika siranta zai yi ta mirginawa, in ya cika faɗi kuma ba ya tafiya.

Da farko a ja layi a tsakiyar katakon daga kai zuwa gindi, sama da ƙasa. Wannan layi shi ne alƙalin aikin duka. Sai a naɗe takarda biyu, a yanke rabin siffar jirgi, a buɗe ta, a ɗora a kan layin a zana. Ta haka dama da hagu za su zo daidai, abin da ido kaɗai ba ya iya yi.

Na biyu, a fafe cikin tun katakon yana da kusurwoyinsa huɗu, lokacin da yake zaune daram a ƙasa kuma yana da ƙarfin jure duka. Wanda ya fara da fiƙe kai da gindi zai rasa wurin riƙewa. A bar kaurin santimita guda a bango, ɗaya da rabi a ƙasa, a kuma bar santimita huɗu ba a fafe ba a kowane ƙarshe. Ana cirewa kaɗan-kaɗan, ana bin jijiyar iccen. Masu manyan kwale-kwale na gungume sukan huda ƴan ƙananan ramuka don su auna kaurin da ya rage, daga baya su toshe su. A ƙaramin jirgi yatsa biyu sun isa: ɗaya ciki, ɗaya waje, a bi bangon ana ji.

Na uku, a yanke waje da zarto bisa zanen, a gyara da wuƙa, kullum bakin wuƙar na fuskantar waje, nesa da jiki. Kan jirgin a ɗan ɗaga shi ta ƙasa don ya hau ruwa. Ƙasan kuma kada a mulmule shi kamar muciya. A bar shi a shimfiɗe faɗin yatsa uku, a zagaye gefuna kawai.

Na huɗu, a goge da takarda mai yashi har hannu ya daina jin ƙaiƙayi, sannan a shafe shi ciki da waje da man kaɗe ko kakin zuma, a bar shi ya sha kwana biyu. Mai fenti na mai yana iya shafawa sau biyu. In akwai ƴar tsaguwa, a cusa auduga a bi da kaki. Haka masu jiragen katako ke toshe tsakanin allunansu da tsumma da mai ko kwalta, tun da manyan itatuwan da ake fafewa guda suka yi wuya a bakin kogi.

Asabar biyu aikin ya ci mana. Mu muka riƙe zarto da gizago, yaron ya yi zane, da guga, da shafa mai, da ɗan sassaƙa muna tsaye a kansa. Mun yi kuskure guda: bangon hagu ya fi na dama kauri. Ba mu gane ba sai da ruwa ya faɗa mana.

Makarantar cikin daro

A cika babban daro da ruwa a tsakar gida, a ɗora jirgin. Namu ya karkata hagu nan take. Yaron ya ce: "Baba, ya lalace." Muka ce masa ya duba da kyau ya gaya mana wane gefe ya fi nauyi. Ya gano da kansa, muka rage bangon, jirgin ya miƙe.

Daga nan aka shiga lodi. Mun auna jirgin a sikelin mai kanti, giram 200 ba kaɗan. Yaron ya riƙa zuba tsakuwa ɗaya bayan ɗaya, jirgin na sauka a hankali, har ruwa ya zo daidai da bakinsa. Tsakuwar da ya ɗauka a lokacin ta kusa rabin kilo. Ƙarin guda ɗaya tak, ruwa ya kwararo ciki.

Wannan shi ne abin da muka hardace a lise don cin jarrabawa, ba tare da mun taɓa ganinsa da ido ba. Arkimidis, masanin ƙasar Girka da ya rayu a birnin Sirakus ƙarni uku kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya bayyana cewa ruwa na tura abin da aka sa a cikinsa zuwa sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Jikin jirginmu, in ya nutse har baki, yana ture ruwa kusan giram 700. A cire nauyinsa na kansa, abin da ya rage shi ne iyakar kayansa. Babu roƙo, babu ciniki, ruwa ba ya ƙara wa kowa ko giram guda.

Sai muka kwashe tsakuwar, muka ja layi da fenti a jikin jirgin, santimita biyu ƙasa da baki, muka ce wa yaron ya sake lodi amma ya tsaya da zarar ruwa ya taɓa layin. Abin da ya shiga bai kai rabin na farko ba. Muka kaɗa ruwan daron da hannu, jirgin ya yi rawa ya tsaya. Muka maida lodin farko muka kaɗa, ko daƙiƙa biyu bai yi ba. Irin wannan layi yana jikin kowane babban jirgin teku na ƴan kasuwa. Wani ɗan majalisar Ingila mai suna Samuel Plimsoll ne ya yi ta faɗa a kai, ganin yadda masu jirage ke cika su da kaya ma'aikata na hallaka, har aka yi dokar da ta tilasta zana shi a 1876.

Akwai gwaji uku da suka rage, kuma kowane yaro na iya yin su. A tara tsakuwar a gefe guda: jirgin zai kife ko da kayan ba su da yawa. A ɗora ta a sama bisa ɗan katako maimakon a shimfiɗa ta a ƙasa: ƙaramin motsi zai juya shi, domin nauyi in ya hau sama jirgi ba ya da gindin zama. A zuba ruwa cokali biyar a ciki a karkata shi kaɗan: ruwan zai gudu gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danna shi. Shi ya sa matuƙi na ƙwarai ke sa buhuna a ƙasa, yake hana mutane miƙewa tsaye, kuma bai rabuwa da ƙwaryar kwalfe ruwa.

Abu na ƙarshe yaron ne ya lura da shi kafin mu. Da jirgin ya kife, tsakuwa ta zube ƙasa, shi kuwa ya taso yana iyo duk da ruwa ya cika shi. Sau da yawa haka kwale-kwalen katako ke yi. Wanda haɗari ya rutsa da shi, in jirgin bai nutse ba, ya riƙe shi ya fi masa ya kama iyo zuwa gaɓar da ke nesa.

Daga daro zuwa kogi

Masu karatu za su ce wannan ai wasa ne. To ga abin da ba wasa ba. A watan Satumba na 2017 wani jirgi ya taso daga yankin Gaya ɗauke da ƴan kasuwa zuwa cin kasuwar Lolo a jahar Kebbi, ya kife a kogi, mutum sama da 30 suka rasu, kuma bayanan da aka samu sun nuna an loda masa fiye da ƙarfinsa nesa ba kusa ba. A watan Mayu na 2021 wani ya tarwatse kusa da Wara, ita ma a jahar Kebbi, da mutane fiye da ɗari a ciki, kaɗan aka ceto. A teku kuwa, ranar 26 ga Satumba 2002, jirgin Joola na ƙasar Senegal, wanda aka ƙera don mutanen da ba su kai 600 ba, ya kife a gaɓar Gambiya, hukuma ta ƙidaya mamata 1,863.

Bayan rufe iyaka tsakanin Nijar da Benin a 2023, dubban matafiya da suka saba bi ta gadar Gaya zuwa Malanbil sun koma tsallaka kogin a kwale-kwale, da babura da buhuna da jarirai. Da yawansu ƴan Maraɗi ne da Tawa da Damagaram, mutanen da ba su iya ruwa ba, kuma ba su taɓa sanin abin da ake dubawa kafin a sa ƙafa a jirgi ba.

Ba mu ɗora laifin duka a kan matuƙa ba. Mun sha zama a bakin mashigi muna ji: fasinja ne ke cewa a ƙara mutum guda, ai ɗan'uwana ne, a sa buhun nan, ai ba shi da nauyi. Kawunmu yakan ce mana in za mu shiga jirgi mu dubi tazarar da ke tsakanin ruwa da bakinsa. In ba ta kai taƙi guda ba, mu jira na baya. A lokacin mun ɗauka tsoron tsofaffi ne. Aikin hukuma ne ta sa ido a mashigai, ta tilasta rigunan hana nutsewa, ta hana tafiyar dare, kuma za mu ci gaba da faɗin haka a radiyo. Amma jami'i ba ya tsayawa a kowane mashigi. Idon fasinja yana nan kullum, in an koya masa abin dubawa.

Kira ga iyaye da malamai

Jirgin wasa yana jan yaro zuwa ruwa, don haka wanda ya yi wa ɗansa shi ya ɗauki nauyi. Kowace damina muna karanta sanarwar yaran da suka nutse a kududdufai da ramukan da aka ɗebi ƙasar gini. A kafa doka tun ranar farko: wurin jirgi daro ne, ko ruwan da bai wuce idon sawu ba, kuma da babba a kusa. A ɗaura masa zare mai tsawo a kai, domin in ya yi nisa a jawo shi, kada yaro ya bi shi. Daron kansa a zubar da ruwansa da an gama, saboda ƙannai masu rarrafe. Wuƙa da gizago kuma su kwana a hannun babba.

Ga malaman lakwal, wannan darasi ne da ba ya buƙatar kuɗi: guntun katako, daro, tsakuwa da sikelin aro. Ƴan mata su ma a sa su, domin a jiragen ranar kasuwa mata da yara ne suka fi yawa. Ga masassaƙa da kafintoci kuwa, guntayen da kuke turawa murhu suna da sauran amfani, kuma yaron da ya zo biɗar su yau yana iya zama almajirinku gobe.

Jirgin ɗanmu yana nan bisa taga, man kaɗe ya sa ya yi duhu, jan layinsa na nan a jiki. Kwanan baya muna kallon hotunan masu tsallaka kogi a talabijin, sai muka ji ya ce wa ƙanwarsa: "Dubi wancan, ya wuce layi." Yaran unguwa huɗu sun riga sun kawo guntayen katakonsu, mun yi alkawarin Asabar mai zuwa.

Sai mun sake saduwa a fitowa ta gaba. Allah ya kiyaye matafiyanmu, na tudu da na ruwa.